Jamusancin Aku

"Ni ban ce a kira min wannan akun ba," in ji tsohon Tela daga kan katifa, numfashinsa na fita da ƙyar.

"To wa zan kira? Duk gidan nan shi kaɗai ke jin yaren," matarsa ta ce. Ta cusa wa saurayin waya a hannu ba tare da ta dubi fuskarsa ba.

Saurayin, maƙwabcinsu mai gyaran waya, ya tsaya a bakin ƙofa, zuciyarsa na tafasa. Bango ɗaya ya raba ɗakunansu. Tun da ya fara koyon Jamusanci don neman aiki a wani kamfanin na'urori, in ya ɗaga murya yana maimaita darasi sai Tela ya hau dukan bango da ƙotar almakashi. Shi ya laƙaba masa Aku, shi ya kai ƙararsa wurin mai gida. Ko gaisuwa ba ta haɗa su.

"Ɗanmu da ke ƙasar waje yana wurin aiki, wayarsa a kashe," in ji matar. "Saura matarsa, ita kuwa ba ta jin Hausa sai Jamusanci. Ka ce ta nemo shi yanzu, ubansa na son jin muryarsa."

Ya danna kiran bidiyo. Wata mace ta bayyana, da cokali a hannu, tana murmushi. Ya gaishe ta tiryan-tiryan, sai bakinsa ya ƙafe. Ya san batir, ya san allo, ya san yadda ake cewa manhaja ta maƙale. Babu darasin da ya taɓa koya masa ciwo, balle mutuwa.

"Der Vater," ya ce, gumi na tsattsafo masa. "Kaputt. Funktioniert nicht mehr."

"Me ka ce mata?" Tela ya buɗe ido ɗaya.

"Na ce ka lalace, ba ka aiki."

"Ubanka ne ya lalace! Wata da watanni kana hana mu sakat, ashe ihun banza ne."

"Baba, da ka bar ni na kai darasi na gaba ai da na iya."

Matar da ke allo ta yi dariya, ta ɗaga wata waya tana nuni: ta ɗauka wayar tsohon ce ta lalace, za ta aiko da sabuwa. Saurayin ya girgiza mata kai. Ya tako cikin ɗakin da bai taɓa shiga ba, ya durƙusa, ya juya kyamarar kan fuskar Tela, kan ƙasusuwan ƙirjin da ke hawa da sauka.

Cokalin ya faɗi daga hannunta. Allon ya yi duhu.

"Ta tafi nemo shi," ya ce.

"Ɗauke min gwiwarka daga zanena," Tela ya ce a hankali. Maganarsa ta ƙarshe ke nan.

Rana ta gangaro ta taga har kan keken ɗinki, inda wata riga ke maƙale a ƙarƙashin allura, hannu ɗaya ba a haɗa ba. Matar ta shafa idanun mijinta ta rufe, ta ja mayafi ta lulluɓe shi. A nan wayar ta fara ruri a kan keken, hoton ɗan yana haskawa. Ta miƙa hannu, hannun ya ƙi kaiwa.

"Bari, Inna," saurayin ya ce, yana share fuska da bayan hannu. "Ni zan faɗa masa."