Ku Ce Wa Waccan

Ni ce 'yar fari, don haka Baba bai taɓa kama sunana ba. "Ku ce wa waccan," shi ke nan. Mutanen garinmu Wagini suna yaba masa wannan kunya, ni kuwa na tsane ta.

Ina koyarwa a Safana ƙanena Rilwanu ya bugo waya, wai cikin Baba ya kumbura, bayan gida ya tsaya cak. Ashe tun bara yake ganin jini, kowa ya sani ban da ni.

Da na isa gida na tarar da yayar Baba, Gwaggo Kande, tana ɗura masa jiƙon filasko da kanwa a ƙwarya, ciki ya yi tam kamar ganga.

"Basir ne," in ji ta. "Wankin ciki zai kore shi."

"Gwaggo, kashe shi za ki yi!"

"Ke, 'yar nan, ban son rashin kunya. Tun ba a haifi uwarki ba nike jinyar shi."

Na zubar da ƙwaryar a gabanta. Muka kai shi asibitin Batsari, daga nan aka tura mu Katsina. Likita ya ce ciwon daji ne ya toshe babban hanji, wajen ya kumbura ya yi rauni, wankin cikin nan saura ƙiris ya fasa shi. Sai tiyata, a fitar masa da hanya ta gefen ciki, a maƙala leda.

Baba ya ce a'a. Gwaggo ta ce dattijo ba ya salla da najasa a rataye.

Na durƙusa gaban gadon, na dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba.

"Baba, don Allah ka yarda. Malamai sun ce lalura ce."

Ya juya fuska bango. "Kande, ce wa waccan ta fita."

Na fita zuciyata na tafasa, na koma Safana. Su kuma suka maida shi gida, wai gara ya mutu a ɗakinsa. Haka kuwa aka yi.

Ranar sadakar uku Gwaggo tana raba gumba, ta ce da ni ko ɗago kai ba ta yi ba, "Da ciwon ya yi tsanani, ke ya yi ta kira. Mahfuza, Mahfuza, a kira Mahfuza ta maida ni wajen likita."

"Me ya hana ku kira ni?"

"Haba! Zafin ciwo ne. Mutum ya kama sunan ɗiyar fari, mu kuma mu tona mashi asiri?"