Shekarar da Kabewa Ta Ƙi Yin 'Ya'ya

Wani manomi ya sare kurmin da ke gefen gonarsa don ya ƙara fili, ya bi shukar kabewarsa da feshin maganin ƙwari. Mahaifiyarsa, mai kiwon zuma a kurmin, ta yi magana har bakinta ya gaji.

"Inna, ƙwari ba sa ciyar da gida," ya ce.

Kabewa ta yi yaɗo, ta yi fure gwanin sha'awa. Sai furen ya fara kaɗewa, ko ɗa guda bai kama ba. Ya tsuguna tsakiyar gona ya kasa kunne, ya ji tsit, babu kukan ƙudan zuman da ke bin fure har ya kama ɗa.

Da ya koma gida ya tarar da Inna tana share matattun ƙudan zuma. Ba ta ɗago ba.

"Je ka ci abinci," ta ce. "Ka rage wa yara."