Layin da Ya Yanke a Gidan Inna

Aikina a ofishin taswira ɗinkin layuka ne. Masu awo su auno tudu da gangare, na'ura ta zana layukan da ke nuna tsayin ƙasa, su iso mini a tsittsinke kamar zaren da ɓera ya ci. Ni kuma in rubuta wa kwamfuta umarnin da zai nemo bakin kowane layi ya haɗa shi da ɗan'uwansa. Sai layi ya rufe ruf launi yake zama a ciki. In an bar 'yar kafa, shuɗin ya tsiyaye ya cika allon gaba ɗaya.

A wannan aikin, shuɗi yana nufin inda ruwan sabuwar madatsa zai kai. Duk gidan da ya shiga launi, tashinsa za a yi.

Layukan duk sun rufe, ban da ɗaya. Na matso da hoton wurin a allo, sai ga rufin kwanon da na girma a ƙarƙashinsa. Layin ya zo katangar gabas ya tsaya, ya sake ɓullowa daga ta yamma. Dalilin ma na san shi. Inna da kanta ta ba ni labari a waya, tana dariya, wai ta kori wasu masu hular kwano da tsintsiya, don ba mai kafa mata sandar awo a tsakar gida.

Dogo, abokin aikina, ya leƙo ya gane. Ya rage murya ya ce in lanƙwasa layin ta ƙofar gida mana, gidan ya fita fari, wa zai bincika? Gaskiyarsa, ba mai bincikawa. Ogan namu ko taswirar a kife ka miƙa masa zai sa hannu.

Amma ni na san tsakar gidan nan. Da damina ruwa daga titi yake gangarowa, ya wuce rijiya, ya kwanta a ƙofar ɗakin Inna, mu yi ta kwarfewa da kwano. Gidan yana ƙasa da titin. In na fitar da shi a takarda, ba wanda zai zo ya tashe ta, ruwan kuwa zai zo.

Na bi da layin ta bayan katanga. Na danna. Shuɗi ya cika wurin lif, har da gidan, bai tsiyaye ko'ina ba. Na jira in ji wani abu a ƙirjina, ban ji komai ba. Yunwa kawai nake ji.

Da la'asar Inna ta kira. Ta tambayi aiki, na ce lafiya.

"Na sa an yaɓe ɗakinka," ta ce. "Saura fenti. Wane launi kake so?"

Na dubi allon.

"Kowanne, Inna," na ce.