Darussa Uku na 'Yar Fari

Jirgin ƙasan ya baro tashar Titiwangsa ke nan Alhaji Ado ya hango kujeru biyu a jere babu kowa, sai ya wuce su ya je ya kama ƙarfe ya tsaya. Fiddausi ta zauna a ɗaya, ta ɗora jakarta a ɗayar, don ta san ba zai zauna ba. Tun da aka haife ta bai taɓa jerawa da ita a cikin mutane ba, bai kuma taɓa kiran sunanta ba. 'Yar fari ce. A garinsu, can bayan Ɗambatta, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yaba masa, in ma wani ya ɗauko yabon to tashi yake yi ya ba su wuri. Alhaji ya saki abubuwa da yawa tun zuwansa Kuala Lumpur, har shinkafa da kwakwa ya koyi ci da sassafe, amma wannan kunyar ya riƙe ta kam.

Da ma abin bai taɓa zama matsala ba, domin akwai Larai. In yana da magana sai ya ce da matarsa a gaya wa waccan kaza, ita kuma yarinyar ta ba da amsa ta hannun uwar. To Larai ta tafi Kano jinyar mahaifiyarta, ga shi makarantar da ke Bukit Jalil ta ce yau za a rufe zaɓen darussan A-Level, kuma dole uba ko uwa su zo. Ya rufe shagonsa na kasuwar Chow Kit, inda yake haɗa wa 'yan kasuwar Kwari kayan da zai tura musu, ya sa babbar riga.

A hanya ya saci kallonta ta gilashin ƙofa. Ba waya take latsawa ba kamar sauran yaran. Goshinta na jikin taga, tana bin layin dogo da ido, inda ya rabu biyu da inda ya sake haɗewa. Haka take tun tana ƙarama.

Malamin da ya karɓe su wani Bamalaye ne mai furfura a gemu, ana ce masa Cikgu Zaid, wato Malam Zaid. Da ya ji Alhaji na Malayancin kasuwa, sai ya saki Turanci ya bi shi da shi. Ya yi bayani dalla-dalla. Darussa uku ake ɗauka, su kuma jami'o'i su suke dubawa kafin su dubi komai. Mai son likitanci sai da Kemistiri da Bayoloji, ya ƙara da lissafi. Mai son injiniya a babbar jami'a sai da Fiziks da lissafi, da wani lissafin mai zurfi a kansa. Wanda ya bar Kemistiri yau ya bar likitanci, wanda ya bar Fiziks ya bar injiniya. Alhaji bai wuce firamare ba, amma wannan ya gane shi sarai, kwantena ɗaya ba ta zuwa tasha biyu.

Aka tambayi Fiddausi. Ta ce Kemistiri da Bayoloji da lissafi, ta faɗe su da Turanci a jere kamar mai biya hadda. Alhaji ya daɗe yana sayarwa. Ya san mai sayen da zai ɗora hannu a kan turmin atamfa ya ce wannan nake so, alhali idonsa na kan na gefe.

Cikgu Zaid ya gyara zama ya ce zai faɗi gaskiya. Ya daɗe yana koyarwa, bai cika ganin kai irin na yarinyar nan a lissafi ba, malamin Fiziks ma har ofis ya zo ya roƙe shi kada a bar ta ta kuɓuce. Yana cikin yabon Alhaji ya kawar da kai, ya ƙura wa wata bishiyar mangwaro ido ta taga kamar zai saye ta. Ba don a ofishin mutane yake ba da tuni ya fita. Malamin ya ga haka ya ɗauka fushi ne. Fiddausi ma ta sunkuyar da kai, don abin da ta saba gani ke nan: ranar da ta kawo kyautar gasar lissafi gida, takalmansa ya ɗauka ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba. Abu guda ta taɓa ji ya ce game da gabanta. Wata sallar layya ɗaliban Najeriya masu digiri na uku sun cika falonsu, ɗayansu ya dube ta ya ce wannan likita za a yi, Alhaji ya ce Allah ya sa. Shi ya manta ma ya faɗa. Ita kuwa ta riƙe.

"Encik Ado," in ji malamin, "ka tambaye ta mana da bakinka. Ga ta nan, *boleh*? Zai yiwu?"

Alhaji ya dubi agogon bango ya ce lokacin *makan* ya yi, za su ci abinci su dawo.

Akwai shagon abinci na *mamak*, wato Indiyawa Musulmi, a tsallaken titi. Ya sa aka kawo mata gurasar *roti* da miyar wake, shi ya karɓi shayi, ya zauna a karkace yana fuskantar titi. Ya ciro waya ya kira Larai. Ta yi ta ringi har ta katse. A Kano yanzu ko asuba ba ta gama yi ba, mai jinya kuwa da wuya ta samu barci sai a irin wannan lokacin. Ya dubi wayar, ya dubi titi. Sai ya mayar da ita kunnensa.

"Hajiya, kin tashi? Ya mai jiki? Madalla."

Fiddausi ta ɗago. Daga inda take tana ganin fuskar wayar, baƙi ƙirin.

Ya ce da wayar sun je makarantar, an yi musu bayani. Ya ce waccan ta zaɓi na likita. Ya kurɓi shayi, ya yi shiru kamar mai sauraro, har da gyaɗa kai.

"Ni dai ban ce ba. Wa zai ƙi likita a gidansa? Da na so, ƙannena a Kano ma har sun fara yi mini lissafin ciwon bayansu. Amma Hajiya, yarinyar da ko kaza ake yankawa a Chow Kit sai ta tsallaka layin 'yan kayan miya? Ita za a ba wa cikin mutum?"

Mai kawo abinci ya zo ya goge teburin da ba shi da datti ya tafi.

Sai ya ce wa wayar abin da bai taɓa cewa ba a gaban yarinyar. Ya ce malamin ya ce ba a cika samun kai irin nata ba, shi kuwa ba sai malami ya gaya masa ba. Ya ce ranar da ta ciwo kyautar nan, da ya fita, bai bar shago ko ɗaya a layinsu ba sai da ya ba da labari, har Basinen da ke sayar da akwatuna, wanda ba ya jin Malayancinsa. Ya ce in jirgin ƙasa take so ta gina, ta gina, Kano ma ba ta ƙi jirgi ba.

"A gaya mata ta ɗauki wanda idonta ke kai. In kuma likitan take so har zuciya, to. Amma kada ta ɗauka don ni, ni ba ni zan zauna jarrabawar ba."

Ya yi gyaran murya a ƙarshe, ya ɗora wa shayin laifi, ya ce sun cika madara.

Fiddausi ta daɗe tana yayyaga *roti* ba ta kai baki ba. A gida in an yi mata Hausa da Turanci take amsawa, uwarta ta yi faɗan har ta gaji. Sai ga shi ta goge hannu ta miƙo shi ta gefen kofin shayin.

"Baba, a ba ni Umma."

Bai juyo ba. Ya ajiye wayar a kan tebur, ya tura ta da yatsa. Ta ɗauka ta kara a kunne, ita ma ta karkata ta fuskanci injin sanyaya lemo.

"Umma, ina kwana." Hausar tata na fita a hankali, tana laluben kowace kalma. "Ki ce wa Baba na ji. Ki ce masa Fiziks zan ɗauka, da lissafin guda biyu. Zai yi wuya *lah*, amma zan iya. Kuma ki ce masa ni na ɗauka ba ya..."

Wayar ta ɗauki ƙara a kunnenta, har ta zabura ta kusa sakin ta. Ta dubi fuskar. Sunan Hajiya Larai ne ke yawo a kai, ta farka ta ga kiran da ta rasa.

Uba da 'ya babu wanda ya dubi wani. Alhaji ya ɗauki kofinsa ya hura shayin da ya riga ya huce.

"A ɗauka," ya ce wa titi. "Layin Najeriya ne, haka yake yankewa."