Kunnen 'Ya'yan Guguwa

Kwali ɗaya, tsumma uku, gorar ruwa, ƙullin toka, da kwikwiyo mai naɗaɗɗen kunne. Abin da Ishaku ya ɗauro a babur ke nan daga Maradun. Kafin ya shiga Talata Mafara tsumma na biyu ya jiƙe.

Da mahaifinsu ya rasu, ƙanensa Jafaru aka ba Guguwa, karyar farautar da ake zancenta har Bakura. Ishaku, babba, ya tashi da tsohuwar bindiga. Shekara huɗu mafarauta na wuce ƙofarsa suna sallama a ta Jafaru. Da Guguwa ta haifi shida, Jafaru ya aiko masa da mafi ƙanƙanta. Ishaku bai jira ranar da za a yi wa sauran ba, ya yanke wa nasa kunne, yadda mafarauta ke yi don kada ƙaya ta riƙe kare a daji. Jini ya ƙi tsayawa.

Likitar dabbobi, Taibatu, ta ɗaure kunnen tam. Ta ɗaga leɓen kwikwiyon, ta ɗan tsaga daga ciki, tana tsane jinin da takarda, idonta a kan agogo.

"A minti huɗu ya kamata ya tsaya. Mun wuce goma," ta ce. "Uwar fa? In ta ji rauni, jininta na daɗewa?"

Ishaku ya tuna yadda babansu ya hana kowa taɓa kunnen Guguwa. Duk karnukan gidan, ita kaɗai ce mai dogon kunne.

"Zan aika jininsa Sakkwato a tabbatar. Amma alamar ciwon gado ce, Malam Ishaku. Kada a sa wa 'yan'uwansa wuƙa."

Wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa. Bai ji kunyar sanyin ba.

A gida matarsa Hindatu ta tarye shi, ya gaya mata a taƙaice.

"Innalillahi! Gobe da sahe fa Jafaru za shi yanke ma sauran. Har 'yan Bakura za su zo zaɓen na saye."

"Na sani."

"To, Malam, ka leƙa ka hwaɗa mai mana. Ga gidan nan, taku goma."

Ishaku ya shige ɗaki da kwalin, ya ja ƙofa ya rufe.

"Zan hwaɗa mai kahin a ɗauki wuƙa," ya ce daga ciki. "Amma sai 'yan Bakura sun zauna."