Hoton Baba a Bakin Bagauda

Mubaraka tana cikin goge allo wayarta ta yi ruri a jaka. Ta ƙyale ta. Da ta sake yi sai 'yan matan ajin suka fara kallon juna, dole ta ajiye tsumman ta fita baranda. Munir ne, ƙaninta da yake acaɓa a Ƙafin Maiyaki.

"Yaya, kin ga abin da na turo miki?"

"Ina aji, Munir. Lafiya?"

"Ina fa lafiya! An sa Baba a intanet. Wani mai ɗaukar hoto ne daga Kano ya zo Bagauda ya ɗauke shi, ya rubuta Turanci a ƙasa. Tun safe 'yan tasha suke min tsiya, wai tsohona ya fara karɓar fansho ya ɓoye mana. Wani kuma ya ce ai mai taɓin hankali ake nufi. Ke ce malamar Turanci, ki duba min. In zagi ne, wallahi har Kanon zan bi shi."

Ta buɗe hoton. Mahaifinsu ne, Malam Lado masunci, zaune a kan kwale-kwalensa da aka jawo gaɓa, hannu ɗaya a kumatu, ya zuba wa ruwa ido. Hasken safiya ya kwanta a furfurar gemunsa. Hoton ya yi kyau ba kaɗan ba, jama'a sai yabawa suke a ƙasansa. Rubutun gajere ne: masunci, sunan tafkin, sai kalmar "pensive".

Ta ce, "Ba zagi ba ne. Ba ruwanta da fansho, ba ruwanta da hauka. Ana faɗarta ne ga wanda ya yi shiru ya yi nisa cikin tunani, fuskarsa a natse, da 'yar alamar damuwa. Su wajensu ma kusan yabo ce."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Munir ya yi ajiyar zuciya, ya ce ga fasinja ya zo, ya kashe.

Ta koma aji, amma darasin ya ƙi tafiya. Don ta cike sauran lokacin sai ta rubuta kalmar a allo, ta bayyana ta, ta ce su nemo mata daidai da ita a Hausa. Wata ta ce mai zurfin tunani. Wata ta ce wanda ya yi jugum. Can baya Aisha Humaira, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu.

"Malama, ba tagumi ba ne?"

"Ta yi kusa. Sai dai ita wannan ba lalle da hannu a kumatu ba, kuma ba a ganin ta abin ƙi."

"To ai mu, Malama, in muka ga mutum ya yi tagumi cire masa hannun muke yi, mu tambaye shi me ya faru."

Aka yi dariya, aka kaɗa ƙararrawa. Mubaraka ta tsaya da alli a hannu har ajin ya watse.

A ofishin malamai ta kasa zama. Ta ɗauko takardun gwaji ta mayar, ta zuba ruwa a kofi ta manta da shi. Ta sake buɗe hoton ta ƙara masa girma. Can nesa a bayan mahaifinta ga jiragen sauran masunta a tsakiyar ruwa, shi kaɗai ne a gaɓa. Tun tasowarta ba ta taɓa ganin wannan hasken ya samu Baba a kan tudu ba. Mutum ne da ba ya iya zama hannu sake: ko rediyo yake ji, koma tana kan cinyarsa yana ɗinki. Duk waɗanda suka yaba hoton babu wanda ya san haka, babu kuma wanda ya tambaya.

Ta kira lambar Inna, ba ta shiga ba. Ta sake kira, haka. Sai ta yafa mayafinta ta je ta nemi izini wajen shugabar makaranta.

Motar da ta samu a tashar Tudun Wada ta ƙi cika. Direba yana ta rantsuwa saura mutum ɗaya, alhali buhunan masara ake ta cusawa a baya. Wata Bafulatana ta zauna kusa da ita da ƙwaryar nono a cinya, ta lura da yadda take jijjiga ƙafa, ta ce, "Sannu, mara lafiya gare ki?"

"Ban sani ba tukuna," in ji Mubaraka.

Sai bayan azahar suka wuce Kwanar Dangora. A Ƙafin Maiyaki ta sauka, ta iske Munir a inuwa cikin abokan sana'arsa. Ya miƙe da sauri.

"Yaya! Ba kin ce ba zagi ba ne?"

"Tada babur ka kai ni gida."

A hanya ta matso bakinta kusa da kunnensa saboda iska. "Yaushe rabon Baba da shiga ruwa?"

"Tun farkon damina. Ya ba Bala ɗan ƙaninsa taru, ya ce bayansa ke ciwo."

"Ka taɓa jin ya yi kukan baya? Mutumin da yake ɗaga kwale-kwale shi kaɗai?"

Munir ya ƙara wa babur wuta.

Ba su shiga gari ba, suka bi 'yar hanyar da ta gangara bakin tafki. Ta ce ya jira ta a sama. Tun daga nesa ta hango shi a gindin wata bishiya, tsohuwar koma a cinyarsa, yana bin ta da yatsu yana laluben inda ta yage. Ta zo ta tsaya a gabansa, inuwarta ta faɗa kan ƙafafunsa. Ya ɗago ya dube ta sosai.

"Sannu baiwar Allah. Kifi ya ƙare, sai dai gobe in yara sun fito."

Ta durƙusa. "Baba, ni ce. Ina wuni?"

"A'a, Malama ce da kanta? Ranar nan ce ta haske min ido. Lafiya kika baro makaranta tsakiyar mako?"

"Lafiya lau. Hotonka na kawo maka ka gani, ka zama sananne."

Ta buɗe ta sa masa a hannu. Ya kai wayar kusa da fuska, ya matsar da ita nesa, ya karkata kai. Yana cikin haka fuskar wayar ta mutu, ta koma baƙa ƙirin. Bai sani ba.

"Kai, yaron nan ya iya aiki," in ji shi. "Dubi ruwa kamar ka taɓa. Har hulata ta fito."

Ta bar shi ya gama yabon. Sannan ta karɓi wayar a hankali ta ce, "Baba, ta daɗe da mutuwa."

Yatsunsa suka koma kan komar, amma ba su motsa ba.

"Me ya rubuta a ƙasa? Bala ya ce akwai Turanci."

Ta faɗa masa kalmar, ta fassara: wanda ya natsu, ya yi nisa cikin tunani.

Ya yi 'yar dariya. "Ya kyauta min zato. Ranar nan ba tunani nake ba, jira nake rana ta ɗaga ko zan gane inda ƙasa ta ƙare ruwa ya fara. Kamar hayaƙi ne ya rufe min ido, kullum ƙara kauri yake. Na dama ya riga ya tafi, na hagun ne yake ɗan taimako."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? Ke kina da ɗalibanki, wancan yana fama da titi. Uwarku kuma hawan jini gare ta. Masunci in ya ce ba ya gani, ai ya gama zama masunci."

"Baba, wannan da alama yanar ido ce. Ana cire ta. Mahaifin wata abokiyar aikina an yi masa a Kano, yanzu da kansa yake karatun Alƙur'ani. Ban ce tabbas ita ce ba, sai likita ya duba, amma gobe da sassafe za mu tafi."

"A yanka min ido?"

"A duba tukuna."

Ya juya fuskarsa wajen ruwan, inda muryoyin masu dawowa suke tasowa. Sannan ya ce, "To. Amma kada ki gaya wa uwarku. Ki ce baya za a duba."

Ta kama hannunsa suka hau gangaren. Munir da ya ga yadda tsohon yake taka ƙasa da lalube, ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Mubaraka ta girgiza masa kai, ya haɗiye kukan, ya tura babur a bayansu har gida.

Inna Furera tana tsakar gida a kan tabarma, kwanon miyar kifi a gabanta, tana yi wa tsokar karfasa gutsi-gutsi da yatsu. Aka gaisa, aka shimfiɗa wa Malam buzunsa. Mubaraka ta gyara murya.

"Inna, gobe zan kai Baba Kano a duba masa bayan nan."

Inna ba ta ɗago ba. "Baya ko ido?"

Malam Lado ya juyo wajen muryarta.

"Furera, wa ya gaya miki?"

"Wa zai gaya min? Tun damina nake kau da turmi daga hanyarka, nake ajiye maka buta wuri ɗaya. Na ga ba ka son a sani, ni ma na yi shiru ina neman ta inda zan ɓullo maka." Ta zare wata siririyar ƙaya ta ajiye a murfi, ta tura masa kwanon har ya taɓa gwiwarsa. "Wa kake zaton yake cire maka ƙaya a kifi?"

Malam Lado ya lalubi bakin kwanon, ya riƙe shi da hannu biyu.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Ni kuwa har na gaya wa Bala kifin bana ba shi da ƙaya."