Lamba Bakwai ta Injiniya

"Kar ki kashe bakwai," in ji Injiniya, yana numfashi da ƙyar. "Sauran duk ki kashe."

Ta Sama, maƙwabciyarsa da ke hawa na biyu, ta ja kujera gaban kwamfutar da ke gefen gadonsa. Shi ya koya mata wannan sana'a, da faɗa da komai. Kwana huɗu ke nan injin yana kwashe muryar marigayiyar matarsa daga wani tsohon faifai mai ƙara, don 'yarsu Auta ta samu abin ji. Faifan in ya tsaya ba zai sake tashi ba. Ga injin ya ɗau zafi, wasu ayyuka sun cinye masa ƙarfi.

"Baba, bakwai ɗin wace kwantena?"

Ya buɗe baki, tari ya sarƙe shi. Auta ta tallabo kansa.

Kwantena tamkar ɗaki ce a cikin inji, kowace da tata ƙidayar. Aikin da ake kira bakwai a ciki, a babban injin wata doguwar lamba yake ɗauke da ita. Kwantena uku gare shi, kowace da bakwai ɗinta, kuma tsohon bai sa musu suna ba, don a ganinsa kansa ya ishe shi littafi. Haushinsa ya kama ta, tsoro kuma ya fi haushin yawa.

Ta bi dogayen lambobin ɗaya bayan ɗaya, tana buɗe bayanin kowane aiki, inda lambar waje da ta ciki suke jere a layi guda. Na uku ne ke riƙe da faifan: 30514, gefensa 7. Ta rubuta a tafin hannunta, ta kashe sauran. Kukan fankar injin ya lafa.

"Baba, na same shi."

"Yaya," Auta ta ce a hankali, "ya tafi tun ɗazu."

Da rana mutane suka cika ɗakin. Wani ƙanen marigayin ya miƙa hannu zai zare wayar injin don a samu wurin zama.

"Kawu, don Allah bar shi," in ji Ta Sama. "Kar ka zare. Aikin Baba ne, bai gama ba."

Bayan an fita da gawar, ita da Auta suka zauna gefen gadon da aka yaye wa zani. Can faifan ya kai ƙarshe ya yi shiru, aikin ya kammala, lambar ta ɓace daga allon. Ta Sama ta dubi tafin hannunta, gumi ya fara cinye tawadar.